Lambar da Ta Fi Ƙarfin Rumbu

Ka taɓa ganin wanda ya je Dawanau sayen gero ya ce sai an ƙirga masa ƙwayoyin? Ko mahaukacin kasuwa ba ya wannan. Mudu ake cewa, tiya ake cewa, in harka ta girma a ce buhu. Ni kaina tun ina goye nake shan kunun gero, amma in ka tsare ni ka ce ƙwaya nawa ce a mudu guda, sai dai in sosa ƙeya. To ga abin dariya: akwai wani tulin hatsi da ba a taɓa tarawa ba, ba kuma za a taɓa tarawa ba, amma an san yawansa har ƙwayar ƙarshe. Ga shi nan: 18,446,744,073,709,551,615.

Kada ka wahalar da harshenka wajen karanta ta. Kakanninmu da suke ciniki da wuri, in kuɗi ya kai dubu ashirin ɗurawa suke yi a keso su ɗinke baki, daga nan sai a koma ƙirga keso. Mu ma haka za mu yi. Ka san tiriliyan ɗin nan da muke ji a rediyo ranar karanta kasafin kuɗi? Ɗauke shi a matsayin keso ɗaya. To, irin wannan keso miliyan goma sha takwas da ɗoriya, ita ce lambar tamu.

Asalinta tatsuniya ce ta ƙasar Indiya. An ce wani mai hikima, Sissa ɗan Dahir, ya ƙago wa sarkinsu wasan nan da Larabawa ke kira shaɗranji, darar masu doki da giwa da waziri, wadda allonta ke da gida 64. Sarki ya ji daɗi, ya ce faɗi abin da kake so. Mutumin ya ce, ranka ya daɗe, alkama kawai nake so: ƙwaya ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, takwas a na huɗu, a yi ta ninkawa har gida ya ƙare. Sarki ya ga an raina masa arziki. Wa zai ga laifinsa? Layin farko gaba ɗaya, gida takwas, ƙwaya 255 ce, ko tafin hannun yaro ba za ta cika ba. Kaza ɗaya ta ishe ta.

Da a ce a kan darar tamu ta gurbi talatin aka yi cinikin, wadda dattawa ke haƙawa a gindin darbejiya, da sarki ya tsira da mutuncinsa. Ƙwayar gero biliyan ɗaya da 'yan kai za a ba shi, wato buhu kamar tamanin zuwa ɗari, lodin mota guda. Ɗan kasuwa mai matsakaicin ƙarfi ma zai biya ya koma rumfarsa. Ƙarin gida 34 ɗin nan su suka kashe bakin kowa.

Sirrin abin yana wurin kainuwa. Duba kududdufin bayan gari da damina. In kainuwa tana ninka kanta kullum, kuma yau ta rufe ruwan ruf, to jiya rabi kawai ta rufe, shekaranjiya kashi ɗaya cikin huɗu, makon jiya kuwa ɗan tsibiri ne a gefe wanda ko masu wanki ba su lura da shi ba. Haka allon nan yake. Kowane gida ya fi duk gidajen da suka gabace shi in an haɗa su, da ƙwaya ɗaya tak. Gwada ka gani: 1 da 2 da 4 bakwai ne, na gabansu takwas. Ƙaramin ƙane kullum ya fi dukan yayyensa nauyi, kuma auta shi kaɗai ya ɗauki rabin gadon.

Alƙali Ibn Khallikan, wanda ya fara rubuta littafinsa na tarihin manyan mutane a Alƙahira a 1256, ya kawo labarin, ya kuma faɗi gaskiya cewa da farko shi ma zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba. Wani malamin lissafi na Iskandariyya ne ya zaunar da shi, kuma dabarar da ya yi masa ta 'yan awo ce. A gida na 16 an kai ƙwaya 32,768, sai ya ce mu kira wannan kwano ɗaya, mu daina ƙirga ƙwaya. Kwano ya yi ta ninkuwa ya zama babban ma'auni, a gida na 40 aka ce wannan rumbu ne guda. A gida na 50 rumbuna sun haura dubu, aka ce wannan birni ne. Da aka kai gidan ƙarshe birane sun zama 16,384, kowanne maƙil da rumbuna. Tun kafin shi ma, wajen shekara ta 1000, Al-Biruni ya riga ya rubuta lambar cif. A lissafin yau, sai an haɗa alkamar da duniya duka ke nomawa, daga Rasha zuwa Kadawa, ta wajen shekara dubu kafin a sallami Sissa.

To girma ke nan, kuma a gaskiya girma shi ne mafi ƙarancin abin sha'awa a jikin lamba. Kowane ɗan firamare zai iya jera sifiri har alli ya ƙare. Masana lissafi in sun sami baƙuwar lamba, yi mata suke yi irin abin da dangin ango ke yi kafin a kai kuɗin gaisuwa: binciken asali. 'Yar wane gida ce? Su wa suka haife ta? Yaya halinta da maƙwabta? Ba sa tambayar ƙibarta.

Tambayar farko mai sauƙi ce, duk mai sallar dare ya san ta: shafa'i ce ko wutiri? Wutiri ce. Dalili kuwa a fili yake. Duk gidajen allon suna rabuwa biyu daidai, ban da gidan farko mai ƙwaya ɗaya. Wannan 'yar ƙwayar, wadda sarki ya fi rainawa, ita ce ta hana tulin duka rabuwa tsakanin mutum biyu. A yi ta rabo har gashi ya yi furfura, ƙwaya ɗaya za ta rage a tsakiya ana kallonta.

Tambaya ta biyu ta watanda ce. In 'yan unguwa sun haɗa kuɗi sun yanka sa da jajibirin sallah, mahauci zai kasa nama kashi-kashi, kowa ya sami daidai da na ɗan uwansa, kada tsoka ɗaya ta saura. Haka ake yi wa lamba. Goma sha biyu mai sauƙin kai ce, tana kasuwa ga mutum biyu, uku, huɗu, shida. Goma sha uku kuwa taurin kai gare ta: ko mutum ɗaya ya kwashe duka, ko mutum goma sha uku kowa ya ɗau ɗai-ɗai, babu hanya ta uku. Irin waɗannan, su 2 da 3 da 5 da 7 da 11 da 13, ni gagara-rabo nake ce musu. Su ne tubalan da aka gina duk sauran lambobi da su, kuma kowace lamba hanya ɗaya ce tak ta gininta, kamar yadda mutum ba ya da uwa biyu.

Shin ƙatuwar tamu gagara-rabo ce? Ina! Tun daga ƙofar gida ake gane ta. Ta ƙare da 5, don haka mutum biyar za su raba ta lafiya. Ka tara alƙalumanta ashirin ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, za ka sami 87, wanda uku ke rabawa, don haka mutum uku ma za su yi watandarta. Tara ba ta raba 87, to 'yan watanda tara sai sun yi faɗa. Ka ga mun san wannan duka ba tare da mun taɓa ƙwaya ko ɗaya ba, kamar yadda mai sayen akuya ke buɗe mata baki ya duba haƙori ya faɗi shekarunta.

Sauran asalin nata sai an tsaga ta, kuma tana da tsaga a jiki irin ta goro. Ɗauki ƙwai goma sha shida ka jera layi huɗu, huɗu-huɗu. Ɗaya na kusurwa ya fashe. Layin da ya rage da uku, kwashe shi ka ƙara wa sauran layuka ukun ɗai-ɗai. Yanzu kana da layi uku, biyar-biyar. Wato huɗu sau huɗu in aka cire ɗaya, daidai yake da uku sau biyar, maƙwabcin huɗu na ƙasa sau maƙwabcinsa na sama. Wannan dokar ba ta duba girman kiret. 16 sau 16 ban da ɗaya shi ne 15 sau 17. 256 sau 256 ban da ɗaya shi ne 255 sau 257. Lambar tamu kuwa ninkin biyu ce sau 64 da aka fasa mata ƙwai ɗaya, don haka kana sa farce a tsagar sai ta buɗe gida biyu. Ɓari ɗaya ya sake buɗewa, ɓarin ɓarin ma haka, har ka ga 'ya'ya shida sun zube a kan tabarma: 3, 5, 17, 257, 65,537, da wata babba, 4,294,967,297.

A kan wannan babbar ce wani babban malami ya yi tuntuɓe. Ferma, alƙali ne a birnin Tuluz na Faransa, lissafi kuma abin hutawarsa ne in ya tashi daga kotu, amma ya fi da yawa daga masu cin abinci da shi iyawa. Wajen 1640 ya dubi biyar ɗin farko ya ga duk gagara-rabo ne, sai ya rubuta wa abokansa cewa yana da yaƙinin duk zuriyar haka take. Irin mutumin da ya sayi kankana biyar a wurin mai kura ɗaya duk suka fito ja, sai ya rantse a kan ta shida tun ba a yanka ba. Ya dai yi adalci, ya ce bai samu cikakkiyar hujja ba. Haka maganar ta zauna shekara casa'in da wani abu.

A 1732 wani saurayi ɗan Suwizalan mai suna Oila, yana aiki a San Fitasbag ta Rasha, ya sa wuƙa. Kankana ta fito fara: 4,294,967,297 ba komai ba ce illa 641 sau 6,700,417. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake nemo 641 ɗin. Wanda akuyarsa ta ɓace a birni, in ba shi da wayo gida-gida zai bi yana sallama har dare. Oila ya nuna cewa duk lambar da za ta raba wannan, dole ta zama ninkin 64 da ƙarin ɗaya. Wato akuyar ba ta shiga kowane gida sai na 65, na 129, haka-haka, kuma a cikinsu ma sai wanda yake gagara-rabo. Ya rage ƙofa kaɗan: 193, 257, 449, 577, 641. A sallama ta biyar aka ji kukanta. Daga ranar zuwa yau, da duk kwamfutocin da aka ɗora wa aikin, ba a ƙara samun gagara-rabo ko ɗaya a zuriyar Ferma ba bayan biyar ɗin farko. Kankanar kirki biyar ce kawai a kurar, iyakar abin da aka yanka.

A daidai waɗannan shekaru, mu ma muna da namu a fagen. Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina, yana can ƙasashen gabas yana rubutu a kan yadda ake tsara hatimi, gidajen lambobin nan da ko ta ina ka tara su jimla ɗaya suke bayarwa. A Alƙahira ya rasu, wajen 1741. Duk lokacin da na ji yaro ya ce lissafi kayan Turawa ne, shi nake tunawa.

Yanzu asali ya fito sarai. Ƙatuwar da ta gagari rumbunan sarki, 'yar gida bakwai ce: 3, 5, 17, 257, 641, 65,537, 6,700,417. Ninka su da juna, ita za ka samu, ba ƙari ba ragi. Kuma babu wanda ya shiga sau biyu, abin da masana ke ba shi aji na musamman. Goma sha biyu, alal misali, ba ta cikin ajin, don biyu ta shiga cikinta sau biyu, kamar uwar gidan da ta manta ta sake zuba gishiri.

Tunda an zo kicin, ga wata tambaya: hanya nawa ake iya watandarta? Ɗauka kana da kayan miya bakwai, kuka, daddawa, barkono, albasa, manja, kifi, gishiri. Kowanne ko ka sa ko ka bari. Tukunya iri nawa za ka iya ɗorawa? Biyu sau biyu har sau bakwai, 128 ke nan, tun daga tsurar ruwan zafi da ba a sa masa komai ba har wadda ta haɗa duka. To masu raba lambar nan ma 128 ne cif. Ruwan zafin shi ne 1, mai haɗa duka ita ce lambar kanta. Dubi girmanta, ka dubi 128. Attajiri ne mai gida kamar unguwa, amma masu shiga turakarsa 'yan ƙalilan ne.

Akwai kuma wani tsohon rabe-rabe da Girkawa suka fara, malaman Bagadaza suka ɗauka suka faɗaɗa. A tara duk masu raba lamba, ban da ita kanta, a ga ko sun kai ta. Kamar dattijo ne da 'ya'yansa: in kowa ya kawo abin da ya samu, zai riƙe gidan? Shida tana da 1 da 2 da 3, sun haɗu sun ba da shida daidai, sai aka ce mata kammalalliya. Haka 28. Irinsu ba su da yawa, kamar 'ya'yan da ke biyan bukatar uba ba saura ba bashi. Goma sha biyu nata sun kawo goma sha shida, mai rara ce, har maƙwabta su samu. Tamu fa? Babban ɗanta sulusinta ne, mai bi masa kashi ɗaya cikin biyar, na uku ɗaya cikin goma sha biyar, daga nan sai ƙanana da ƙananan ƙanana. Duk su 127 in sun juye aljihu, abin da za su tara bai wuce kashi saba'in da 'yan kai cikin ɗari nata ba. Mai giɓi ce. Na yi dariya ranar da na fara lissafa wannan: lambar da ta talauta sarki, a rajistar malamai sunanta na cikin masu ƙaramin ƙarfi, layi ɗaya da takwas da goma.

'Ya'yan nan nata ba zaman banza suke yi ba, kowanne da sana'arsa. Ka ga magini in zai fitar da da'irar rumbu ko ɗakin kago, turke yake kafawa ya ɗaura igiya ya zagaya. Tun zamanin Girkawa ake tambaya: da wannan igiya da miƙaƙƙiyar sanda marar alama kaɗai, kashi nawa daidai wa daida za ka iya raba da'irar? Uku an iya, biyar an iya, goma sha biyar an iya, da ninkinsu biyu-biyu. Bakwai ta ƙi, tara ta ƙi, goma sha ɗaya ta ƙi. Shekara wajen dubu biyu ba wanda ya ƙara komai, sai a 1796 wani yaro Bajamushe, Gaus, bai cika sha tara ba, ya nuna cewa 17 tana yiwuwa. Da aka bi diddigi sai ga shi lambobin wutiri da ke yarda da igiya da sanda su ne 'ya'yan Ferma ɗin nan biyar, da abin da suka haifa in an ninka su da juna ba maimaici. Mafi girma da aka sani a cikinsu ita ce 4,294,967,295, wato jimlar alkamar rabin allon Sissa daidai. Cikakken allon kuwa ba ya yiwuwa, 641 da abokiyar tafiyarta sun ɓata lissafin. Ita kuma 65,537 aikin gadi ta samu: tana cikin yawancin makullan sirri na tsarin RSA, irin waɗanda ke tsare saƙo tsakanin waya da banki. Wataƙila yau da safe ta yi maka aiki ba ka ce mata sannu ba.

Lambar tana da wata ƙofar da take ɓullowa, wadda mata za su fi saurin ganewa. A 1883 wani Bafaranshe mai suna Luka ya fito da wani wasa da ake kira hasumiyar Hanoi. Ɗauka jeren kwanukan amarya ne, babba a ƙasa, ƙarami a sama, ana so a mai da shi wata kusurwar ɗaki. Wurin ajiya uku ne kawai, kwano ɗaya ake ɗagawa a lokaci guda, kuma ba a ɗora babba a kan ƙarami. Kwano biyu ɗagawa uku ne. Uku, bakwai. Huɗu, goma sha biyar. Ka ga ƙwan nan da ya fashe ya sake biyo mu. In jeren ya kai kwano 64, yawan ɗagawar shi ne lambar Sissa, ba ko ɗaya a kai. 'Yan jere in suna ɗaga kwano ɗaya duk daƙiƙa, ba barci ba cin tuwon biki, sai sun shekara biliyan ɗari biyar da tamanin da wani abu. Ango sai ya yi haƙuri.

Inda ta fi zama a yau kuwa shi ne aljihunka. Kwamfuta ba ta san ɗaya zuwa tara ba, abu biyu ta sani, a kunne ko a kashe, kamar fitila. Yawancin wayoyi da kwamfutocin zamanin nan suna ƙirga da jerin irin waɗannan fitilu guda 64. Ta farko darajarta ɗaya, ta biyu biyu, ta uku huɗu, allon Sissa ne sak aka miƙe shi layi ɗaya. Na'urorin da suka gabace su fitila 32 gare su, rabin allo, iyakarsu biliyan huɗu da 'yan kai. Da aka tsara adireshin intanet da wannan ma'auni an ɗauka ya isa har abada, sai ga shi a 2011 babban rumbun adireshin ya ƙare, don mutanen duniya ma sun fi haka yawa, balle wayoyinsu.

In ka kunna fitilu 64 ɗin duka, ba ko ɗaya a kashe, abin da na'urar ke nufi shi ne 18,446,744,073,709,551,615. Nan mudunta ya cika ya yi tozo. Ka san mitar tsohuwar mota mai ƙirga tafiya, wadda in ta kai 99999 sai duk alƙaluman su juya tare, mota ta koma kamar yau aka fito da ita daga kamfani? Haka nan ma. Ka ƙara ƙwaya ɗaya a kan alkamar Sissa, fitila ta farko ta mutu ta tura wa ta biyu, ta biyu ta mutu ta tura wa ta uku, har ta 64 ta waiga ba ta ga wanda za ta miƙa wa ba. Ɗaki ya yi duhu, na'ura ta rubuta sifiri. Da ma'ajin sarkin Indiya yana da irin wannan na'ura, da sai ya ce wa Sissa ga gyara, ya jefa masa ƙwaya ɗaya a kai, ya rufe littafi.